Sulhun Gari a Tsakiyar Yaƙi: Wa Ke Biya, Ina Kuma Bindigar Ke Komawa?

Da zarar gero ya fara fitar da kai a gabashin Sakkwato, sai maganar sulhu ta dawo bakin mutane. A Isa da Sabon Birni da Goronyo da Rabah manomi na duban gonarsa yana lissafin ko za a bar shi ya girbe. A cikin birni kuwa majalisu rabuwa suke yi gida biyu. Wasu su ce duk wanda ya zauna da ɗan bindiga ya sayar da jinin waɗanda aka kashe. Wasu su ce mai faɗin haka bai taɓa kwana a daji da 'ya'yansa don tsoron kwana a ɗaki ba. Kowane ɓangare na da abin kamawa, sai dai ana gardamar kamar mu kaɗai abin ya taɓa samu. Alhali da wuya ka sami yaƙin basasar da ya ja lokaci wanda a cikinsa wani gari ko wani kwamanda bai ƙulla tasa yarjejeniyar da abokan gaba ba, shugabanni na can sama suna rantsuwa sai sun ga bayan juna.

Abin da ke faruwa a dazukanmu bai zama yaƙin basasa irin na Siriya ko Sudan ba, domin jagoran 'yan bindiga irin Bello Turji ba kujerar Abuja yake nema ba. Amma yadda sulhun gari ke ƙulluwa da yadda yake warwarewa kusan ɗaya ne ko'ina, kuma waɗanda suka riga mu shiga wannan hali sun biya da rayuka kafin su gane shi.

Mafarin abin ciki ne. Mayaƙi na cin abinci, babur ɗinsa na shan mai, rauninsa na son magani, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke tsirowa a bakin daga. A yaƙin Biyafara, tsakanin 1967 da 1970, matan Ibo sun riƙa tsallakawa zuwa yankunan da ke hannun sojan tarayya su sayo gishiri da sauran kayan masarufi, kuma masu tsaron hanyoyin sun san da zirga-zirgar. A Halab ta Siriya, shekarun da birnin ya rabu biyu, ruwan sha daga kogin Furat yake tasowa ta yankin da ke hannun Da'ish, tashar da ke tura shi cikin unguwanni tana ɓangaren 'yan tawaye, man da ke tayar da injinan kuma sau da yawa ta ɓangaren gwamnati yake shigowa. Ƙungiyoyi uku masu kashe juna, amma dole su bar ma'aikatan ruwa da na agaji su wuce, don duk wanda ya rufe famfo nasa mutanen ma za su kwana da ƙishi. A Sudan kuma, tun farkon shekarun 1990, an sami kasuwannin sulhu irin ta Warawar a arewacin Bahrul Gazal, inda Larabawan Misiriyya da Rizaigat ke ciniki da 'yan ƙabilar Dinka a ƙasar da ke hannun 'yan tawayen SPLA. Daga cikin waɗannan ƙabilun Larabawa ne gwamnatin Khartum ke ɗibar mahaya masu ƙone ƙauyukan Dinka. Amma shanunsu na buƙatar ciyawa da ruwan kudu da rani, Dinka kuma na buƙatar sukari da gishiri da tufafi, sai buƙata ta zaunar da su.

Wannan ɓangaren mai sauƙin fahimta ne. Wanda ba a cika son dubawa ba shi ne abin da mai bindiga ke yi da hutun da ya samu.

A 1983 kwamandan mujahidai Ahmad Shah Mas'ud ya tsagaita wuta da sojan Sobiyet a kwarin Panjshir na Afganistan. Mutanen kwarin sun huta kusan shekara guda, sun koma gidajensu, sun yi noma. Shi kuwa Mas'ud ya yi amfani da wannan shekarar ya tura mayaƙansa kwarin Andarab ya murƙushe abokan hamayyarsa na Hizbi Islami, ya faɗaɗa ikonsa a arewa maso gabas. A 1984 Sobiyet suka dawo da farmaki mafi girma. A Bosniya abin ya fi haka ruɗani. A 1993, a yankin Zepce, mayaƙan Kuroshiyawa sun haɗa kai da Sabiyawa suna yaƙar Musulmi, a daidai lokacin da a wasu yankunan Kuroshiyawa da Musulmi ke rami ɗaya suna harbin Sabiyawa. A watan Satumba na shekarar, wani attajiri Musulmi, Fikret Abdic, ya ɓalle da yankinsa na Velika Kladusa, ya sa hannu a takarda da Sabiyawa da Kuroshiyawa, hanyoyin mai da abinci suka buɗe wa mutanensa. Wanda ya koma yana yaƙa shi ne rundunar gwamnatin Bosniya da ke Bihac, Musulmi 'yan'uwansa. Daga baya kotu a Kuroshiya ta ɗaure shi kan laifukan yaƙi.

Ma'ana, in an rufe bakin daga ɗaya alhali bindigogi na hannun masu su, wani bakin dagar suke komawa. Kamar ruwan da ka datse a kan gonarka ne, ba ƙafewa yake ba, gonar maƙwabci yake shiga. Mu a Sakkwato mun ga wannan da idonmu. Da Bello Matawalle ya hau mulkin Zamfara a 2019 ya buɗe ƙofar sasanci da 'yan daji, an sako mutane, hanyoyi sun ɗan buɗe, kasuwanni sun ci. A Katsina ma Aminu Bello Masari ya yi nasa a shekarar, har aka ɗauki hotonsa kusa da wani jagoran daji rataye da bindiga. To amma a wannan tsakanin ne gabashin Sakkwato ya shiga uku. A watan Mayu na 2020 an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari ɗaya, dubbai suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi. Mutumin da ya yi alkawari a Shinkafi bai yi wa Isa alkawari ba, kuma tsakanin garuruwan biyu ɗan gudu kaɗan ne a babur. Iyakar jiha gwamna take ɗaurewa, ba ta ɗaure mai babur. Masari da kansa ya fito a 2020 ya ce ya daina, Matawalle ma ya bi baya a 2021, aka rufe layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi da dama na Sakkwato.

Akwai irin tsagaita wutar da ba ta da wannan illar sosai, domin ba ta ɗaukar wa kanta abin da ya fi ƙarfinta. A El Salbado, daga 1985, cocin Katolika da hukumar UNICEF sun shawo kan gwamnati da 'yan tawaye a riƙa ajiye makamai kwana uku a shekara don yi wa yara allurar rigakafi, aka kuma yi ta yi har yaƙin ya kusa ƙarewa. A 1995 tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya samo tsagaita wuta a kudancin Sudan don yaƙi da kurkunu, ta kai kusan wata shida. Ba wanda ya ce yaƙi ya ƙare. An faɗi abin da za a yi, da ranar farawa da ranar gamawa, kuma kowa na iya gani ko an cika.

Siriya ce ta nuna ɗaya fuskar, mai muni. Daga ƙarshen 2013 gwamnatin Bashar Assad ta riƙa ƙulla yarjejeniya da garuruwan da ta yi wa ƙawanya ɗaya bayan ɗaya: Mu'addamiyya, Barza, tsohon birnin Hums a watan Mayu na 2014, Darayya a watan Agusta na 2016 bayan shekara huɗu a kewaye. Sojoji sun rubuta a jikin bangaye cewa ko a durƙusa ko yunwa ta yi aikinta. Sai an kai mutane ga cin ganye da ciyawa sannan a aiko da tayin sulhu, a ɗaga tutar gwamnati, a miƙa manyan makamai, wanda bai yarda ba a zuba shi a motocin safa zuwa Idlib, yankin da ke hannun 'yan tawaye. A yarjejeniyar garuruwa huɗu ta 2015 an ɗaure Zabadani da Madaya, waɗanda gwamnati da Hizbullah suka kewaye, da Fu'a da Kafraya, waɗanda 'yan tawaye suka kewaye: ba buhun gari da zai shiga nan sai irinsa ya shiga can. Mutanen garuruwa huɗu suka zama jinginar juna. Ranar kwashe su, a watan Afrilu na 2017, bam ya tashi a jerin motocin mutanen Fu'a da Kafraya a Rashidin, ya kashe fiye da mutum 100, da yawansu yara.

Na kawo Siriya ne saboda abin da yawancin ƙauyukanmu ke ƙullawa da daji ya fi kama da wannan, sai dai a nan mai ƙawanyar ba gwamnati ba ce. Duk mai dangi a gabashin jihar ya san yadda ake yi. Saƙo ya zo ta waya, ko ta bakin wanda aka sako bayan an biya fansa: kacalla, wato jagoran 'yan bindiga, ya ce in ana son noma bana a haɗa miliyan kaza kafin kasuwa ta zagayo. Mai gari ya tara magidanta a ƙofar gidansa bayan isha'i, ba fitila mai haske, ba ɗaga murya, don kowa ya san ba a rasa infoma a wurin. A kasa kuɗin gida gida, mai shanun huɗa kaza, mai jaki kaza, matar da aka kashe wa miji a ce ta kawo abin da ya samu. Wani ya sayar da akuyar matarsa, wani ya kira ɗansa da ke kabu-kabu a kudu. A zaɓi mutum biyu ko uku masu ƙarfin hali su kai, haɗe da jarkokin mai da katin waya. A wasu wuraren a ƙara da cewa samarin gari za su noma wa kacalla gonakin da ya ƙwace kafin su taɓa nasu. Wanda ya kai kuɗin, in Allah ya dawo da shi lafiya, yana iya faɗawa hannun jami'an tsaro a matsayin mai kai wa 'yan bindiga kaya.

Ba takarda, ba shaida, ba wanda za a kai wa ƙara. Ɓangare ɗaya na riƙe da bindiga, ɗayan na riƙe da hauya, kuma mai bindigar ba ya asarar komai in ya saɓa. Kuɗin da aka haɗa kuma harsashi ne da babur, waɗanda ƙauyen gaba da bai biya ba zai gani. A 2021 abin ya kai ga 'yan bindiga na tuɓe masu gari a wasu ƙauyukan Sabon Birni suna naɗa nasu. Duk da haka ba na ganin laifin mai garin da ya tara kuɗin. Mutumin da ke da rayuka ɗari biyar a wuyansa, soja mafi kusa na nesa da shi, layin waya na zuwa yana ɗaukewa, ba shi da zaɓi na uku. Wanda ya cancanci tambaya shi ne wanda ya bar shi shi kaɗai a gaban kacalla.

To shin akwai sulhun gari da ya taɓa riƙewa? Akwai, kuma wanda ya fi dacewa mu tsaya a kansa shi ne na Wunlit a kudancin Sudan, don rikicinsa na shanu da makiyaya da ramuwar gayya ne, irin namu. A 1991 ƙungiyar SPLA ta dare biyu tsakanin John Garang, ɗan Dinka, da Riek Machar, ɗan Nuwer. Rigimar shugabanni ta sauko kan talakawa, ƙabilun biyu suka shekara bakwai suna kwashe wa juna shanu da mata da yara, filayen kiwon da ke tsakaninsu suka zama kufai. Majalisar coci-coci ta kudancin Sudan ce ta fara haɗa sarakunan ɓangarorin biyu a Lokichogio ta Kenya a 1998. Daga nan sarakunan suka kai wa juna ziyara, kowa ya kwana a ƙasar abokin gabarsa, don jama'a su ga an je an dawo da rai. Sai a ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris na 1999 aka yi babban taron, a wani ƙauye da aka gina bukkoki musamman domin baƙi. An buɗe shi da yanka farin bijimi bisa al'adarsu, rantsuwar da kowane ɓangare ke tsoron karyawa. Sannan aka ba kowane ɓangare lokaci mai tsawo ya faɗi abin da aka yi masa, ɗayan na zaune yana ji, ba katsewa. Bayan an amayar da abin da ke ciki ne aka shiga sharuɗɗa: a mayar da matan da yaran da aka sace, a buɗe makiyaya da wuraren kamun kifi na haɗin gwiwa, a kafa kotunan kan iyaka, a sa na'urorin sadarwa don sarakuna su riƙa sanar da juna kafin ƙaramin abu ya girma. Salva Kiir, wanda a lokacin shi ne na biyu a SPLA, ya ɗauki nauyin tsaron taron. Yarjejeniyar ta riƙe shekaru a yammacin kogin Nilu, alhali babban yaƙi da Khartum bai tsaya ba sai 2005.

Duba waɗanda suka zauna a Wunlit: masu shanun da aka kwashe, iyayen yaran da aka sace, sarakuna, mata, malaman addini. Kowane ɓangare na da abin da zai rasa, kowanne na da abin da zai mayar. Masu bindiga an sa su ne su tsare alkawarin da jama'a suka yi. A namu sasancin na 2019 an juya abin. An zauna da masu bindiga, jami'an gwamnati na gefe, amma Bafulatanin da 'yan sa-kai suka yanka wa ɗa a kasuwa da Bahaushen da aka ƙone wa rumbu ba wanda ya tambaye su komai. Ba a yi maganar diyya ba, ba a yi maganar burtali da mashaya da gonaki suka cinye ba, ba a yi maganar alƙalin da ke cin tarar makiyayi fiye da kima ba. Gabar ta zauna yadda take. A watan Oktoba na 2021 'yan sa-kai suka kashe Fulani a kasuwar Mamande ta Gwadabawa, a cikin watan kuma 'yan bindiga suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. Waɗanda suka mutu a kasuwannin biyu cin kasuwa ya kai su.

Sai maganar wanda zai riƙe alkawarin, kuma nan ne yawancin yarjejeniyoyi ke karyewa. Kowane ɗalibin sira ya san sulhun Hudaibiyya, a shekara ta 6 bayan hijira, an ƙulla shi ne na shekara goma, amma bai cika biyu ba. Ba manyan ɓangarorin biyu ne suka fara karya shi ba: Banu Bakr, abokan ƙawancen Ƙuraishawa, suka auka wa Khuza'a, abokan ƙawancen Manzon Allah (SAW), wasu Ƙuraishawa suka taimaka musu. Wannan fa yarjejeniya ce rubutacciya, mai shaidu, tsakanin ɓangarorin da ke da shugabanni sanannu. Ina ga dajin da ba shi da kai ɗaya? Gwamnatin Abdul'aziz Yari ta Zamfara ta yi sulhu da jagoran 'yan bindiga Buharin Daji a 2016, a 2018 Dogo Giɗe, wanda ya taso a ƙarƙashinsa, ya kashe shi. Kowane kacalla na da yara, kowane yaro da ya tara bindiga goma yana ganin ya isa ya kafa dabarsa, kuma yaron da aka hana shi fita aiki saboda maigida ya yi sulhu, bai ga abin da sulhun ya ƙara masa ba. Shi ya sa ƙauye zai biya wannan, mako biyu wancan ya zo ya ce shi ba da shi aka yi ba. Suratul Anfal da ta ce in abokan gaba sun karkata ga zaman lafiya a karkata, ita ce kuma ayoyi kaɗan kafin nan ta yi bayanin abin da za a yi in an ji tsoron ha'inci daga waɗanda aka yi alkawari da su. Malamanmu da ke shiga daji, daga Sheikh Ahmad Gumi a 2021 zuwa waɗanda suka biyo baya, sun san ayoyin biyu, kuma ina kyautata musu zato. Abin da ba su da shi shi ne ikon hukunta wanda ya saɓa.

Ko inda dattawa suka yi iya ƙoƙarinsu, babban yaƙi na iya taka abin da suka gina. Kwanaki kaɗan bayan yaƙin Sudan ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, dattawa da limamai da masu faɗa a ji na birnin Al-Fashir da ke yankin Darfur suka shiga tsakanin soja da dakarun RSF masu yaƙi da shi, aka raba birnin, soja a yamma, RSF a gabas, ƙungiyoyin Darfur da suka ce ba ruwansu da kowa suna tsaron tsakiya da kasuwa. Niyala da Zalinje da Al-Junaina duk suka faɗa hannun RSF kafin ƙarshen shekarar, Al-Fashir na tsaye, dubban masu gudun hijira na kwarara cikinta. Amma da ƙungiyoyin tsakiyar suka ajiye 'yan-ba-ruwanmu suka bi soja, katangar ta faɗi. Daga watan Mayu na 2024 aka yi wa birnin ƙawanya, yunwa ta kama sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam, a ƙarshen Oktoba na 2025 RSF ta shiga da kisan da duniya ta gani. Shekara gudan da dattawan suka samo ta ceci rayuka masu yawa, kuma ba wanda ke da iko da ya yi amfani da ita ya gina wani abu a kai. A Mali ma, sulhun da Majalisar Ƙoli ta Musulunci ta ƙulla a yankin Niono a watan Maris na 2021, tsakanin maharban Donso da mayaƙan jihadi na Amadu Kufa bayan ƙawanyar da suka yi wa ƙauyen Farabugu, ya bar mutane sun koma gona da kasuwa, mayaƙan kuma suna wa'azi suna karɓar zakka suna yanke shari'a. Bai kai ƙarshen damina ba.

Akwai kuma wanda ya fi sulhu haɗari, wato gayyato mai bindiga ya kore maka mai bindiga. Wannan ba sai mun je Bosniya ba. Wajajen 2017 zuwa 2018, da ɓarayin shanu suka addabi Tangaza da Gudu, wasu shugabannin yankin sun yi maraba da baƙin mayaƙa daga wajen Mali da Nijar waɗanda suka ce za su kare su. Sun kuwa kori ɓarayin da farko. Daga baya suka shiga karɓar zakkar shanu da ƙarfi, suna yi wa samari bulala, suna kafa dokarsu. Su ne Lakurawan da hedikwatar tsaro ta fito ta yi shelarsu a watan Nuwamba na 2024, shekaru bayan mutanen yankin sun san su da suna.

Kakanninmu sun san wannan sana'a ta sulhu a tsakiyar gaba, kuma ba su ji kunyarta ba. Wajen 1867, zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, aka ƙulla abin da ake kira Lafiyar Toga da Sarkin Kabi Abdullahi Toga na Argungu, kowa ya riƙe garuruwan da ke hannunsa. Ta yi kimanin shekara takwas kafin yaƙi ya dawo, kuma gabar Sakkwato da Kabi ba ta kwanta sosai ba sai da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu a 1934. Sabon Birni kanta haka aka kafa ta: Ɗan Halima ya rabu da 'yan'uwansa Gobirawan Tsibiri, da ke ƙasar Nijar a yau, ya daidaita da Sakkwato a zamanin Ahmadu Atiku. Sai dai waɗancan sarakuna ne masu ƙasa da talakawa, maganarsu na ɗaure mutanensu, kuma kowanne na da rundunar da ɗayan ke shakka. Yau sarautar da za ta shiga tsakani ita kanta ba ta tsira ba. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi bayan makonni yana roƙon a cece shi. A ɗaya gefen kuma, a 2022 an naɗa jagoran 'yan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoto ta Zamfara da sunan neman zaman lafiya, har gwamnati ta dakatar da sarkin da ya naɗa shi. Uban ƙasa na tsakanin a kashe shi in ya ƙi, a tuɓe shi in ya yarda, ba wata hukuma da ta faɗa masa iyakar abin da aka amince ya yi.

Ni abin da nake gani, tambayar a yi sulhu ko kada a yi ta riga ta wuce, domin ana yin sa kowace damina, da sanin gwamnati ko ba da saninta ba. Birnin Gwari ta yi nata a watan Nuwamba na 2024 har aka buɗe kasuwar shanu, ƙananan hukumomin Katsina irin su Jibiya da Batsari sun yi nasu a 2025, kuma duk lokacin da maƙwabta suka yi, haƙƙin mutanen Isa da Sabon Birni ne su tambayi ina yaran dajin can za su nufa. In za a yi a nan, to Sakkwato da Zamfara da Katsina da Kebbi su yi shi lokaci ɗaya, da sanin hukumomin Maraɗi da Tawa, duk da tsamin da ke tsakanin Abuja da Yamai tun juyin mulkin 2023. Arɗo da mai gari da shugaban 'yan sa-kai su zauna, waɗanda aka kashe wa mutane ta kowane ɓangare su yi magana a ji. Sakin waɗanda ke ɗaure a daji da daina karɓar kuɗin noma su zo kafin kowace kyauta ko naɗi, a kuma rubuta abin da zai biyo baya in an saɓa, da sunan wanda zai zartar. Watannin da aka samu na shiru kuma a cika su da ofishin 'yan sanda mai mota da mai, da alƙalin da makiyayi zai iya kai ƙara gabansa, da malamin makaranta a ruga, da sintiri a hanyar Gundumi zuwa Isa. Mai daji ba ya wasa da watannin shirunsa, yana sayen makamai yana ɗaukar sababbin yara, kuma tsakanin 2019 da 2021 shi kaɗai ya yi aiki da su.